Abin da Aka Ciro daga Tankin Maigida

Ni ba mace ce mai shiru ba. Duk wadda ta taɓa sayen ruwa a ƙofar gidanmu a Aboabo ta san haka, don in kika tsallake layi da galan ɗinki, sai na wanke ki tas tun ruwan bai taɓa ki ba. Amma akwai wasu makonni da bakin nan nawa ya mutu murus, kuma har yau in na tuna su sai in ji fuskata ta ɗauki zafi. Makonnin farko na takabata ne.

Maigida mai walda ne. Yana saurayi ya tafi kudu, ya yi shekaru a bakin teku yana gyaran jiragen masu kamun kifi, daga baya ya dawo Tamale ya kafa rumfarsa, yana yin ƙofofi da tagogi da gadaje. Tankin da ke ƙofar gidanmu shi ya haɗa shi da hannunsa da farantan baƙin ƙarfe, ya ɗora shi a kan ginshiƙan siminti, ya yi masa tsani da murfi, ya sa wa murfin kwaɗo. Kowa ya san halin famfo a garin nan, ya zo yau, ya yi tafiyarsa sai ranar da ya ga dama. Motar tanka ce ke juye mana ruwan burtsatse, mai ɗan gishiri-gishiri a harshe, ni kuma in sayar wa matan unguwa galan-galan. Masallacin layinmu kuwa kyauta ake ɗibar masa. Haka Maigida ya ce tun ranar farko, ladan ya zo ya cika butoci ba mai tambayarsa.

Irin wannan ruwan ba ya raga wa ƙarfe. Tankunan da aka yi zamani ɗaya da namu duk tsatsa ta huda su, masu su suka koma baƙaƙen nan na roba, waɗanda in rana ta take ruwan ke fitowa kamar za a haɗa shayi. Namu ko ɗigo bai taɓa yi ba, ruwansa garau. Har gori nake yi wa mata da shi, in ce su je su tambayi masu waldarsu, nawa daban ne. Da na san inda gorin zai kai ni da na ja bakina.

Shi mutum ne da sai ka sa ƙugiya kake ciro magana daga bakinsa. Ba ya bari kowa ya hau tankin, makullin kwaɗon kullum yana aljihunsa. In damina ta wuce sai ya zaɓi rana ya zubar da ragowar ruwan, ya shiga ciki shi kaɗai, ya fito jiƙe da gumi bai ce uffan ba. Jefi-jefi wani direba kan kawo masa saƙo daga kudu, abu mai nauyi a naɗe cikin takardar siminti. Na taɓa tambaya, ya ce kayan aiki ne. Ban sake ba. Ina ruwana da ƙarafa, gidan ma cike yake da su har ƙarƙashin gado.

Cikin bazara zazzaɓi ya kwantar da shi, kafin mu farga Allah ya karɓi abinsa. Na shiga takaba. Mahaifiyarsa, wadda duk muke kira Mma, ta taso daga Nyanshegu inda take zaune wajen 'yarta, ta sauka a ɗakin da ke kallon nawa. Ƙanensa, mai sayar da kayan babur, shi ya zama namijin gidan, yana leƙo mu safe da yamma. Sayar da ruwa kuma maƙwabciyata ta riƙe min, wata mai shinkafa da wake da katangarmu ɗaya, ƙaƙƙarfar mace mai baki kamar rediyo. Tare muka yi goyo, tare muka aurar da 'ya'ya, ba ni da kamarta a unguwar.

Bayan sadakar bakwai da 'yan kwanaki, kan famfon tankin ya toshe. Da hantsi ne, mata sun yi layi, rana ta fara cizo. Maƙwabciyar ta leƙo ɗakina ta ce in ba ta makulli ta hau ta ɗebo da guga ta sama, kafin a samo mai gyara. Na lalubo shi a aljihun rigar aikinsa da ke rataye a bayan ƙofa, na miƙa mata. Ina zaune na ji ƙarar murfi, na ji guga ya faɗa ruwa, sai na ji shiru. Can sai salati, irin na wanda ya taka maciji.

Na ɗaga labule na leƙa. Ashe igiyar gugan ce ta sarƙe da wata waya da ke rataye daga bakin tankin zuwa ciki. Ta jawo wayar, ga abu a ƙarshenta, ta sako shi ta gefe yana lilo a gaban kowa. Kaurinsa kamar damtsen mutum, toka-toka, jikinsa duk ƙuraje da ramuka kamar an gwaguye shi, wani farin abu mai yauƙi yana ɗiga daga gare shi, an ɗaure wuyansa da waya tamau. Wallahi ni kaina sai da tsikar jikina ta tashi. Ba wanda zai ga abin nan a cikin ruwan da yake sha ya ce ƙarfe ne.

"Amarya, mene ne wannan?" in ji ta daga kan tsani. Amarya ake ce min a unguwar tun ranar da aka kawo ni, har na yi furfura.

Na ce ban sani ba. Gaskiya na faɗa, amma na ga yadda matan suka kalli juna. Wata ta kifar da galan ɗin da ta riga ta cika, ruwan ya malala har bakin zaure. Wata ta ciro waya ta ɗauki hoto. Suka watse ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta ce min sai an jima.

Kafin azahar hoton ya zaga wayoyin Aboabo, ya tsallaka har Kukuo, don daga can wata 'yar uwata ta kira ni tana tambaya ƙasa-ƙasa wai da gaske ne. Unguwa ta ɗauka. Dama mun yi mamakin tankin da ba ya tsatsa. Dama me ya sa ba ya bari a hau. Dama ga masu ruwa birjik, amma nan ake layi. Wasu suka ce asirin jan ciniki ne ya ɗauko daga matsafan bakin teku. Wasu suka ƙara gishiri, wai abin yana da ƙa'ida, ya saɓa ta, shi ya sa ya tafi da shi farat ɗaya. Mutumin da aka sallata jiya-jiya ana faɗin kirkinsa, yau ana tambayar ko da imani ya cika.

Abin da ya fi ƙona ni, ladan ya daina zuwa. Ya aiko aka kwashe butocin da ke jere a gindin tankin. Na ji an ce wasu dattawa sun je suna tambayar liman ko sai sun rama sallolin da suka yi da alwalar ruwan. Sadakar shekara da shekaru, a ce ta koma abin da ake neman tsari da shi. Ranar da na ji wannan na ja mayafi na rufe fuskata. Ni kaɗai ce a ɗaki, ba mai ganina, amma na rufe.

Da ba takaba nake ba, da na fita tsakiyar layi na ba kowa amsarsa daidai da shi, haka nake faɗa wa kaina. Mai takaba ba ta fita cacar baki a titi. Amma ko da an sake ni, me zan ce? Ban san abin ba.

Ƙanensa ya kwance wayar, ya sa abin a buhu, ya ɗauko liman. A zaure aka shimfiɗa tabarma, ni ina bayan ƙofa ina ji. Liman dattijo ne mai natsuwa, ba ya gaggawar magana. Ya sa aka ɗauko zarto daga rumfar Maigida aka yanka abin biyu. Ba laya, ba rubutu, ba gashi, ba fata. Cikinsa fari sol yana ƙyalli kamar sabuwar tukunya, sai wani siririn ƙarfe da ya ratsa tsakiyarsa.

"Ni ban san wannan ba," in ji liman. "Ban ga abin da zan kira sihiri ba, kuma ban san amfaninsa a cikin ruwa ba. Ku kyautata wa mamaci zato. Allah ne masani."

Maganar adalci ce. Sai dai kafin ta kai bakin titi an gutsure ta, abin da ya rage a bakin mutane shi ne ko liman ya ce bai taɓa ganin irinsa ba.

Don a wanke zargi, ƙanensa ya zubar da ruwan duka, ya shiga da burushin waya da sabulu, ya kankare cikin tankin har wani farin ɓawo da ya lulluɓe bangon ya fita, ƙarfe ya fito tsirara. Aka gyara kan famfo, aka cika da sabon ruwa, aka sanar an wanke. Ba a jima ba ruwan ya fara fitowa ja-ja da safe, yana ƙarnin ƙarfe. Ai fa shi ke nan, aka ce asiri ya karye. Ni ma da na ga jan ruwan nan a kofi, sai da zuciyata ta faɗi haka.

Nan ne kunyar ta shige ni har ƙashi. In zauna a kan sallaya in yi ta juya shekarun da muka yi. Mutumin da ke tashina sallar asuba in na yi nauyin barci, mutumin da ko goro ba ya karɓa sai ya san daga ina, wai shi ne ke rataya abu a ruwan mutane. In ce ƙarya ne, sai in tuna saƙon takardar siminti. In ce gaskiya ne, sai in ji kamar in haɗiye zuciya. Ina yi masa addu'a bayan kowace salla, amma muryar ba ta da ƙarfi. Ruwan ma na kasa kai shi bakina, sai ruwan leda nake aika a sayo min, in shigo da shi ɗaki cikin zane.

Kullum da safe in je in durƙusa a ƙofar Mma in gaishe ta. Ta amsa, ta ce ya haƙuri, shi ke nan. Ba ta taɓa ɗaga maganar ba, ni kuma ba ni da idon da zan ɗaga mata. Gani nake kamar tana cewa a ranta ni ce mai cinikin, don ni aka yi. Ana saura 'yan kwanaki a yi addu'ar arba'in ta ce ƙafarta ta matsa mata, za ta koma Nyanshegu a kai ta asibiti, sai ranar addu'a. Na ce a raina tsohuwa ta gudu ne, gidan ya fi ƙarfinta. Ban ga laifinta ba.

Da yammar ranar ƙanensa ya zauna a bakin ƙofata, ya daɗe yana wasa da makullin babur.

"Amarya, arba'in ɗin nan nake tsoro," ya ce. "In mutane suka zo suka ƙi cin abincinmu, suka ƙi shan ruwanmu, to an yanke wa Yaya hukunci ke nan a bainar jama'a. Ba mai goge shi."

Na san abin da yake nufi. A nan in an taru addu'a, zomkom ake fara miƙa wa kowa, ruwan garin geron nan mai citta da yaji, sannan masa da tuwo su biyo. In ka sha ka ce amin, ka shiga cikin masu nema wa mamaci rahama. Sadakar da aka bari ƙuda ya bi, ban san abin da za ta kai masa ba.

Ana gobe addu'a, da hantsi, aka yi sallama da wata irin murya da ban sani ba. Wani dattijo ne gajere, baƙi wuluk, da jaka a kafaɗa da ƙaramin gicciye a wuya. Ƙanensa ya shigo da shi zaure, na tsaya a bayan ƙofa. Ya ce shi mutumin bakin teku ne, tare suka yi walda da Maigida a jiragen ruwa, a ɗaki ɗaya suka kwana shekaru. Labarin rasuwar bai same shi da wuri ba, sai da direba ya faɗa masa. Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk kai ne a bakinsa. Ya yi min gaisuwa. Sannan ya zuge jaka ya ciro abu a naɗe cikin takardar siminti.

Na dafa bango.

Ya warware takardar, ga sandar farin ƙarfe sumul, da wani ƙaramin kunne mai huda a kai. Ya ce na bana ne, ya riga ya saya wa abokinsa kafin ya ji labari, ya ga gara ya kawo da kansa. Da ya ga ba wanda ya motsa, ya kalli ƙanen, ya kalli ƙofar da nake. Ƙanen ya tashi ya ɗauko buhu daga bayan rumfa, ya zazzage guntaye biyun nan a kan tabarma, ya faɗa masa abin da ake cewa a unguwa.

Dattijon ya fara dariya, sai ya ga fuskar ƙanen, dariyar ta tsaya. Ya ɗauki guntu ɗaya ya riƙe a hannu kamar abin da ya saba da shi.

"Amarya, wannan ba magani ba ne o," ya ce. "Alminiyam ne. A jirgi muna ɗaura shi a gindi. Ruwan gishiri yana cin ƙarfe, ka sani. Amma in ka haɗa wannan da jikin ƙarfe da waya, tsatsa ya bar ƙarfe ya zo ya ci wannan. Ya ci, ya ci, in ya ƙare ka cire ka sa sabo. Shi ne duka."

Na tambaya daga bayan ƙofa, to farin yauƙin nan fa? Ya ce tsatsarsa ce, ta alminiyam fara ce, ba ja ba, tana kwanciya a ƙasa, ita Maigida ke shiga ya wanke duk shekara. Ƙanen ya ce in alminiyam ne, ga maƙeran tukwane nan cike da Aboabo, me ya kai shi aikawa kudu? Ya ce na tukunya ba ya yi, wannan an gauraya shi da wani abu don ya yarda a ci shi. Ko fenti ba a shafa masa, in ka shafa ya mutu. Wayar ma sai ta ciji ƙarfe tsirara, shi ya sa abokinsa ba ya son a hau a taɓa. Da ya ji an kankare farin ɓawon bango sai ya dafa kai, ya ce ai wannan ma rigar tankin ce.

Na zame na zauna a ƙasa. Da farko sanyi na ji, kamar an sauke min buhu daga ka. Bayansa sai haushi ya taso, haushin mamaci. Yo jimla ɗaya ce fa, bawan Allah. Shekarun nan duka muna cin tuwo a kwano ɗaya, da ka buɗe baki ka ce tsatsa ce ke cin wannan ta bar tanki, bakinka zai ciwo ne? Ina cikin yi masa faɗa a raina sai kunya ta dawo ta danne haushin, don na tuna ni ma ban sake tambaya ba, kuma da aka zo zargi ban tsaya masa ba ko a cikin zuciyata.

A ranar, rana tsaka, dattijon ya sa aka zubar da jan ruwan. Ya shiga ya wanke, ya goge inda waya za ta kama, ya ɗaure sabuwar sandar da noti, ya sako ta ciki. Motar tanka ta zo ta cika. Ƙanen ya tsaya a gindin tsani yana yi wa duk mai wucewa bayani, ya je ya yi wa liman, ya yi wa ladan. Suna ta cewa to, to, Allah mai iko. Kafin magariba na ji abin da ya fito daga bayanin: wai an sa sabon asiri, kuma wani baƙo mai gicciye aka ɗauko daga kudu ya sa.

Ƙanen ya dawo jiki a sanyaye, ya ce ko mu sayi ruwan leda a dama zomkom da shi a gaban mata, kowa ya gani, a wuce wurin. Nan bakina ya dawo.

"Da ruwan tankin nan za a dama," na ce. "Da shi za a yi tuwo, da shi za a wanke hannu. In mun kauce masa mu ma mun ce gaskiya suka faɗa."

Haka kuwa aka yi.

Washegari aka kafa rumfa a titi, dab da tankin, aka jera kujerun roba da tabarmi. Mutane sun zo, har sun fi yadda na zata, kuma na san rabinsu kallo ya kawo su. Ni ina ɗakina, taga tana kallon rumfar. Ana cikin karatu yalo-yalo, keken hayar nan mai ƙafa uku, ya sauke Mma da 'yarta, aka kama ta aka zaunar da ita cikin tsofaffi a tsakar gida. Malamai suka sauke, aka shafa, aka fara zagayawa da zomkom a kofuna.

Kowa ya karɓa, don ba a ƙin karɓa. Sai na ga ana ajiyewa a ƙarƙashin kujera. Wani ya riƙe nasa yana duban waya. Wani ya laluba aljihu ya ciro ruwan leda, ya ciji gefe, a nan gaban ƙanen Maigida. Liman kofinsa na gabansa, wani ya tsare shi da magana a kunne. A ɓangaren mata na hango maƙwabciyata riƙe da nata da hannu biyu, kanta a ƙasa. Kwandunan masa suna nan yadda aka ajiye su. Ƙuda ya fara sauka a bakin kofuna. Dattijon kudu kaɗai ya shanye nasa a can gefe, kuma shansa bai taimake mu da komai ba. Na ji da ma ƙasa ta tsage in shige. Ni ce na dage, ga shi na tara wa mijina jama'a su ƙi shi a fili.

Sai na ga Mma ta miƙe da sandarta. Na zata bayi za ta. Ta bi ta zaure ta fita, ta ratsa tsakiyar maza tana jan ƙafa, abin da tsohuwa irinta ba ta yi. Aka riƙa janye ƙafafu ana ba ta hanya. Ba ta kalli zomkom ba. Ta je gindin tankin, ta ɗauki moɗar da ke rataye a nan, ta murɗa famfo ta cika. Ta tsuguna da ƙyar, ta yi bismilla, ta shanye tas. Ta sake tara kaɗan ta shafa a fuska. Sannan ta ɗaga murya, yadda na can baya ma zai ji, ta ce Allah ya jiƙan wane, ta kira sunansa.

Maigida ɗan fari ne. A duk zamana a gidan ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba, ko a ɓoye. Mai walda take cewa, ko wancan. Ranar da aka fita da shi ma ba ta yi hawaye a gaban mutane ba. Rumfar ta yi tsit, har ina jin ɗigar famfon da ba ta rufe daidai ba.

Liman ne ya fara cewa amin. Ya ɗauki kofinsa, ya kore ƙuda, ya sha. Ladan ya sunkuya ya lalubo nasa daga ƙarƙashin kujera. Daga nan sai hannaye suka fara sauka ƙasa suna ɗaukowa. Ba kowa ba, na ga waɗanda suka tuntsurar da nasu da ƙafa kamar ba da gangan ba, kuma na san su har yau. Amma an ci masa, an ci tuwo, an wanke hannu a famfon. Maƙwabciyata ta sha nata tana sharar hawaye da bakin mayafi. Bayan kwana biyu ta dawo ɗiban ruwa da galan ɗinta.

Da la'asar ranar addu'ar, an watse, mata suna wanke kofuna a tsakar gida. Mma tana zaune a ɗakinta a kan tabarma tana murza gwiwa da man zafi. Na shiga na durƙusa. A karo na farko tun da abin ya faru na ji zan iya buɗe baki a gabanta.

"Mma, sannu da ƙoƙari," na ce. "Ashe an yi miki bayanin ƙarfen."

"Wane bayani?"

Na ɗauka ba ta ji ba ne. Na shiga zuba mata, da jirgi, da gishiri, da waya, da yadda tsatsa ke barin wannan ta ci wancan, ina ta sauri kamar ni na gano abin. Ta ɗan saurara, sannan ta ɗaga min hannu.

"Ni ban san wannan ba, Amarya. Daga asibiti sai gida, daga gida sai nan. Ba wanda ya faɗa min komai."

"To, Mma, da kika je kika sha..."

"Ruwan ɗana ne," ta ce, tana ci gaba da murza gwiwarta. "Tun da na sauka gidan nan shi nake sha, har da ya koma ja." Ta ɗago ta dube ni. "Ke fa, me kike sha?"

Na sunkuyar da kai ina kallon saƙar tabarma. Ba ta sake tambaya ba.